Babban Yatsan Talle Mai Washi

Ni mahauci ne, kuma mahauci ba ya yabon mutum a banza. Shekara talatin da ɗoriya ina yanka a kasuwar Sokode, na ga masu washi iri-iri: masu keke, masu inji, da 'yan gaggawa waɗanda za su cinye maka rabin wuƙa su miƙo maka suna murmushi. Mutum ɗaya ne na taɓa miƙa wa wuƙata na juya baya ban waiwaya ba, shi ne Yaya Talle. Ba uwa ɗaya muke ba, ba uba ɗaya ba. Ya girme ni da shekara goma sha wani abu, rumfarsa tana bayan tawa, shi ke nan dangantakar. Na gaji da yadda ake ba da labarinsa a zango, kowa da nasa ƙarin gishirin, shi ya sa zan faɗi nawa, tunda da bakina aka yi ɓarnar.

A zangon Dapaong aka haife shi, can arewa kusa da iyakar Burkina. Kakanninsa fatake ne da suka sauke kaya a wurin suka manta da ɗauka. Ubansa ya rasu yana jariri, shi ya sa ake ce masa Talle. Sunansa na yanka kuwa, ko ni sai ranar ɗaurin auren 'yarsa na ji shi. Wani kawunsa maƙeri ne ya riƙe shi. Ƙira ba ta karɓe shi ba. In ya ɗaga guduma sai ta sauka inda ta ga dama, hayaƙin gawayi kuma ya hana shi numfashi. Kawun ya gaji ya ce, to, koma can gindin dutse ka riƙa wasa abin da maza suka ƙera. Da nufin wulaƙanci ya faɗa, bai san abincin yaron ya nuna masa ba.

Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya hau bayan kamiyon albasa, wato babbar motar kaya, ya sauka Sokode, da duwatsun washi uku a ƙunshe cikin tsohon buhu, da guntun fatar sa. Da su ya yi aure, da su ya binne matar, da su ya aurar da 'yarsa tilo, Bara'atu, wadda ta ci sunan uwarsa, don haka Inna yake ce mata. Mijinta mai sayar da taki ne, ya tafi da ita Dapaong. Talle ya ce ba laifi, garin ya ba da ɗaya ya karɓi ɗaya. Bai gina gida ba, bai je Makka ba, ko babur bai taɓa saya ba. Jin daɗinsa a duniya bai wuce shayi mai zaƙi da safe da goro bayan azahar ba. Abin da ya tara kuwa abu ɗaya ne: maganarsa a kan ƙarfe.

Ga yadda abin yake. A Sokode in mutum zai sayi wuƙa, ko adda, ko takobi, kuma yana da hankali, sai ya ce wa mai sayarwa bari in kai wa Talle tukuna. Ba ya karɓar ko sisi a kan dubawa. Zai amsa da hannu biyu, ya ƙwanƙwasa ta da farce a kusa da kunne. Ƙarfen kirki, irin wanda aka ƙera da resor ɗin kamiyo, wato sifirin mota, kuka yake yi mai tsawo. Na banza "kwas" ɗaya zai yi ya yi shiru. Sai ya runtse ido ɗaya ya bi gadon bayanta ya ga ko ta karkace, ya girgiza mariƙin ya ji ko wutsiyar ƙarfen ta shiga ciki sosai. Na ƙarshe shi ne babban yatsansa na dama. Ba ya bin tsawon bakin wuƙa da shi, a'a, ƙetarawa yake yi, a hankali, kaɗan-kaɗan, daga gindi har tsini. Ido yana ruɗuwa, in ji shi, kunne ma ranar kasuwa ba abin dogaro ba ne, amma yatsa ba ya karɓar cin hanci.

Ba ya duba fuskar mai kaya. Na tuna wani Alhaji mai motocin haya da ya kawo takobi mai kube na azurfa, wai tsaraba ce aka yi masa, yana so a yaba a gaban jama'a. Talle ya ƙwanƙwasa ya ce a rataye shi a bango, zai yi kyau, amma kada a nuna masa ko kabewa. A wannan zaman dai wani manomi ya miƙo wata baƙar adda mai mariƙin tsumma, Talle ya riƙe ta ya ƙi saki, yana tambayar wane ne ya ƙera ta, yana raye ko ya mutu. Alhaji ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Talle bai ma lura ba, sai da na gaya masa.

Abin da yatsan yake nema shi ne wani abu da yake kira ƙaiƙayi. In an wasa ƙarfe, akwai ɗan siririn gashi da yake tashi a bakinsa, ido ba ya gani. Mai gaggawa barinsa yake yi, don da shi wuƙa take ji kamar ta yi kaifi. Amma ƙaiƙayi ba yanka yake yi ba, yagewa yake yi. Talle zai bi shi da dutse mai laushi da ruwa, ya juya, ya sake bi, ya ƙarasa a kan fata, har sai yatsan ya daina jin komai sai sanyi. Wuƙa ɗaya sai ta ci masa rabin sa'a. Na sha zaginsa a kan wannan. Ga saniya a kwance, ga mata a tsaye da kwanuka, shi yana can yana lallashin ƙarfe. Sai ya ce, "Ɗan Azumi, in kana sauri ga mai inji can." Ya san ba zan je ba.

Lokacin da aiki ya fi yi masa nauyi shi ne watan Gani, in bikin Adosa ya matso. Ga wanda bai san Sokode ba, bikin wuƙaƙe ne na Kotokoli, mutanen gari. Mu a Hausa 'yan tauri za mu ce. Maza su sha magani, su shafa, su fito fili ana kiɗa, suna goga takobi a ciki da damtse da wuya, ƙarfe ya ƙi ci. Saura kwana uku bikin rumfar Talle take cika da takubba, wasu na kaka da kakanni, sun shekara a rataye har sun yi tsatsa. Na taɓa tambayarsa tsakani da Allah, maganin ne ko akwai wata dabara. Ya ce shi bai san magani ba, ba fanninsa ba ne, kuma bai taɓa dakusar wa kowa takobi don a ruɗi 'yan kallo ba. Abin da ya sani ɗaya ne: baki mai santsi da baki mai ƙaiƙayi ba ɗaya suke da fatar mutum ba, kuma ba zai bar mai ƙaiƙayi ya fita daga rumfarsa a kai shi jikin ɗan wani ba. Masu rawar su ma sun san haka. Maganinsu suna sha, amma sai Talle ya taɓa kafin su shiga fili.

Da daminar bara waccan na fara lura. Ya miƙo min wuƙata, na kai ta kan cinyar sa, sai na ji tana ja. Na ce ƙila naman ne. Washegari ma haka. Rana ta uku na zaga rumfar da niyyar tsiya, sai na tarar yana wasa addar wani mutumin Aouda, jini yana ɗiga daga babban yatsansa yana gauraya da ruwan dutse, shi kuwa yana ta hirar doya da ruwan sama. Bai sani ba. Sai da mai addar ya tafi na kama hannun na nuna masa.

"Yaya, tun yaushe?"

Ya daɗe yana kallon yatsan kamar na wani ne. Ya ce tun azumi. Ƙafafu ne suka fara, yana ji kamar a kan auduga yake tafiya, sannan abin ya hau hannu. Ya je lopital, asibiti ke nan, sun ce ciwon suga ne, sun ba shi ƙwayoyi, sun raba shi da shayinsa. Ciwon an ce za a iya lallaɓa shi, amma abin da ya mutu a yatsa da wuya ya dawo.

"Ka rufa min asiri, Ɗan Azumi. Ido da kunne suna nan. Hannun ma ya san hanya, shekara arba'in ba wasa ba ce."

Na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na rufa. Kullum na karɓi wuƙata sai in yi godiya, in koma rumfata in ƙarasa ta da kaina yadda ba zai ji ba. Gaskiya kuma a kan ƙarfen kirki hannun nasa bai cika kuskure ba, don ƙarfe mai tauri yana sakin ƙaiƙayinsa da kansa in an bi shi yadda ya kamata. Na banza ne mai taurin kai: ƙaiƙayin ya kwanta nan, in ka bi shi ya koma can. Wannan sai da yatsa. Ga shi nasa yatsan yanzu komai ya taɓa santsi yake gaya masa.

Haka muka yi ta lallaɓawa har watan Gani ya kama. Saura kwana biyu Adosa, da hantsi, maza bakwai ko takwas suna zaune a bencin Talle, kowa da takobinsa a kan cinya, sai ga Fousséni ya tsayar da babur. Ɗan zemijan ne, mai ɗaukar fasinja a babur, Kotokoli ne na unguwar Didawure, magidanci mai 'ya'ya uku. A shekarar ne aka yarda masa ya shiga fili karo na farko. Takobin gidansu yana hannun wansa, shi kuma ba ya son aro. Ya je Dapaong gaisuwar mutuwa, ya ga wata wuƙar damtse a kasuwa, kuɗinta bai kai na cinyar akuya ba, ya saya ya taho yana murna.

Wallahi a ido ta yi kyau. Kube ja, mariƙi mai ruwan zinariya, an yi mata zane a jiki, tana ƙyalli har tana kashe ido. Kyan ɗan maciji.

"Baba, duba min wannan," in ji Fousséni da Hausarsa ta kasuwa. "Ya yi kyau ko? Mai shi ya ce daga Agadas ya fito."

Talle ya ƙwanƙwasa ta a kunne. Ko ni daga inda nake tsaye na ji "kwas" ɗin.

"In wannan ta ga Agadas, ni ma na ga Makka," ya ce.

Aka yi dariya. Ya bi ta ɗaya bayan ɗaya, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ƙarfen langa-langa ne aka yanka da inji aka goge. Kuben roba ne ba fata ba, ya sa farce ya nuna. Ruwan zinariyar fenti ne, kafin damina zai koma tafin hannun mai ita. Abin da kawai ya yaba shi ne wutsiyar, ya ce ta shiga mariƙi sosai, ba za ta fice ba.

"Araha ba ta ado, ɗana. Ka kai wa mai ɗakinka ta yanka albasa."

Fousséni ya marairaice. Ya ce ya riga ya nuna wa abokai, ya riga ya faɗa a gida. Ba wani abu mai yawa zai yi ba, damtse ne da ciki, sai wuya sau ɗaya in kiɗa ya yi zafi, yadda manya suke yi. Talle ya juya wuƙar a hannunsa. Da shekara biyu baya ne, na san korarsa zai yi. Amma mutanen benci suna kallo, shi kuma tun da yatsan ya mutu ya tsani a ga kamar akwai ƙarfen da ya gagare shi. Ya ce kawo in gyara mata baki.

Ya zuba ruwa, ya bi ta a dutse na biyu, ya koma na uku, ya ƙarasa a fata. Ya ƙetara yatsan daga gindi har tsini, fuskarsa a natse, yadda ya saba. Ya miƙa.

"Bakinta ya kwanta. Ka shiga da ita."

Ni wuƙata na zo karɓa, amma na san yatsan nan bai ji komai ba. Na ce wa Fousséni ya ba ni in ga abin da ake yayi a Dapaong. Na ɗora yatsa. Daga gindi zuwa tsakiya lafiya lau. Daga tsakiya zuwa tsini kuwa ƙaiƙayi ne a tsaye, yana kama fata kamar ƙayar kifi. Ita ce mutumin nan zai goga a wuyansa jibi.

Na so in yi hannunka mai sanda, Allah ya sani na so. Na ce, "Yaya, ko za ka ƙara mata ɗan dutse wajen tsinin nan?"

Bai ko ɗago ba. "Yau kuma mahauci ne zai koya min washi? Je ka kori ƙudaje, Ɗan Azumi, sun cinye maka hanta."

Benci ya kwashe da dariya. Wani ya ce kowa ya tsaya a sana'arsa. Fousséni ya miƙo hannu zai karɓi abarsa. Ni kuma ina da zuciya, duk zango an sani. Uwata ma ta sha faɗa cewa zuciyar nan ce za ta kai ni ta baro ni. Na zaga rumfata na jawo ɗanyar fatar akuya, na shimfiɗa ta a ƙarshen benci a gabansu. Ban danna ba. Ɗora wuƙar kawai na yi na ja. Ta kama fatar ta yage ta tsawon tafin hannu.

Dariya ta ɗauke. Fousséni ya kai hannu ya shafa maƙogwaronsa.

A nan ya kamata in tsaya. Aiki ya gama, wuyan mutum ya tsira, Talle yana iya cewa gajiya ce, ko ƙarfen ne ya yi masa gardama, a wuce wurin. Amma maganar ƙudaje da hanta tana cina. Na juya na ce, "Ka gani? Yatsan nan ya daɗe da mutuwa, kai ka sani, ni na sani. Sai ka kashe ɗan mutane tukuna?"

Bai yi musu ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya ɗauki tsumma ya goge hannunsa, yatsa ɗaya-ɗaya, sannan ya dubi mutanen benci ya yi musu magana da harshensu. Ya ce gaskiya na faɗa. Kowa ya kai takobinsa inda za a taɓa masa da yatsa mai rai, kuma a aika wa waɗanda ya gama wa aiki jiya su ma su sa a sake dubawa. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suna ba shi haƙuri, suna Allah ya ba da lafiya. Abin da ya fi ci min rai, kowa in ya ɗan yi nisa sai ka ga ya zaro takobinsa yana shafa bakin a ɓoye.

Fousséni ya yi rawarsa da takobin wansa, ya fita lafiya ko ƙwarzane babu. Wuƙar Dapaong tana can tana yanka albasa, an ce albasar ma da ƙyar. Har yau in ya gan ni a hanya sai ya tsaya ya ce in hau kyauta. Ba na hawa.

Talle ya ci gaba da buɗe rumfa kamar wata guda. Mata suna kawo wuƙar girki, yana wasawa. In an kawo sabuwa a duba, sai ya ce ya daina. Maza suna gaishe shi da girmamawa su wuce wurin mai inji, wanda yake ƙona ƙarfe har ya yi shuɗi yana cewa kaifi ne. Tsakanina da shi taku biyar ne, kwanon rufi ɗaya ne ya raba mu, ina jin ƙarar dutsensa, amma ban zaga ba. Kullum sai in ce gobe. Ina gaya wa kaina ai gaskiya na faɗa, kuma haka ne, gaskiya ce. Amma na san fatar akuyar don wuyan Fousséni na kawo ta, maganar ƙarshe kuwa don kaina na yi ta. Kunya ta hana ni zuwa, girman kai ya taya ta. Ran wata Litinin na zo na tarar an kwashe benci. Bara'atu ce ta zo ta tafi da shi. Yanzu wani ɗan Nijar ne a rumfar, yana sayar da caja da murfin waya.

Sai da na yi wata takwas kafin na iya shiga mota. Hanyar Dapaong ba ta ƙarewa: Kara, Kante, Mango, ga sojoji a shingaye a sauka a nuna katin shaida a koma, ga gwiwata da ba ta son dogon zama. Na riƙo masa kilishi, sai a hanya na fara tunanin ko shi ma an hana shi. Na isa bayan azahar, na yi tambaya a zango, aka nuna min gidan mai taki.

Bara'atu ta durƙusa ta gaishe ni a zaure, ta kawo ruwa. Ba ta nuna min komai a fuska ba, amma na san ta ji labari.

"Kawu, gara da ka zo," ta ce. "Yana cin abinci, yana shan magani. Amma tun da dangi suka kawo masa takobin nan ba mu huta ba. Na babansa ne, a tsohon gidan kawunsa aka tsince shi cikin rufin ɗaki. Wata biyar ke nan, daga karin kumallo har la'asar yana kansa. Na ce Baba ya isa haka, ya ce me na sani. Maigidana ya taɓa ya ce ya yi, Baba ya ce mai sayar da taki me ya sani."

Tun daga zauren nake jin ƙarar. Na same shi a tsakar gida a gindin mangwaro, a kan tabarma, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na yi sallama ya amsa. Ya tambayi Sokode, ya tambayi kasuwa, ya tambayi iyali, wane ne ya mutu, wane ne yana nan, kamar jiya muka rabu. Na kasa jurewa. Na durƙusa, ni da furfurata, na ce, "Yaya, ka yafe min. Bakina ne ya fi ƙarfina."

"Na yafe tun a Sokode," ya ce. "Da ka yi shiru da yanzu jinin mutum yana wuyana. Tashi, gwiwar nan taka ba ta da lafiya."

Na zauna. Ni dai na ji sanyi a raina, har na fara tunanin da na sani na zo tuni. Shi kuwa sai juya takobin yake yi a kan cinyarsa, ya dube shi, ya dube ni. Can ya miƙo min da hannu biyu, mariƙi a gaba.

"Tunda ka zo. Taɓa min."

Tsohon takobi ne na gaske, mariƙin fata ya yi baƙi ƙirin don riƙo. Na ƙwanƙwasa, ya yi kuka har sai da Bara'atu ta leƙo daga madafa. Amma a gindinsa kusa da mariƙi ana ganin asalin faɗinsa, yatsa uku ne cif. Daga nan zuwa gaba da ƙyar ya kai biyu, wajen tsini kuwa ya siranta kamar ganyen albasa. Dutse ya cinye sauran. Na ɗora yatsana na ƙetara, daga gindi, kaɗan-kaɗan, har ƙarshe. Ban ji komai ba sai sanyi. Na juya ɗaya gefen, haka. Shekara talatin ina riƙe ƙarfe, ban taɓa ɗora yatsa a kan baki irin wannan ba, ko a lokacin da hannunsa yake da rai. Aikin ya gama tun watanni, shi ne bai sani ba.

"Ya yi, Yaya. Wallahi ya yi. Ya daɗe da yi. Ka bar shi haka, ƙarfen ƙarewa yake yi."

"Wajen tsinin fa?"

"Har tsinin."

Ya karɓa, ya ƙetara nasa yatsan a wurin, ya sake ƙetarawa. Sannan ya dube ni da ɗan murmushi, ba na fushi ba.

"Mutumin da ya yi tafiyar yini guda don neman gafara, me zai ce in ba haka ba?"

Na rantse masa da Allah. Na naɗe hannun riga na ɗora takobin a damtsena, gashi ya zube da kansa, na nuna masa. Ya ce ai ƙaiƙayi ma yana aske gashi, ni ma na sani. Na ce to a kawo fata in gwada a gabansa. Ya ce idonsa ba ya ganin irin wannan yanzu, kuma ni zan riƙe takobin, na san yadda zan sassauta hannu. Na ce Yaya, ni ne fa, ni da na faɗa maka mai ɗaci a gaban mutum takwas, yau zan yi maka ƙarya?

"A ranar kana fushi," ya ce. "Yau tausayi kake ji. Bar shi, Ɗan Azumi, ka gaji. Inna, kawo wa kawunki abinci."

Na ci tuwon ban san ɗanɗanonsa ba. Na kwana a ɗakin baƙi, da safe muka karya tare, ya ba ni saƙon gaisuwa ga mutanen zango, har da mai inji. Na sake cewa ya bar takobin ya huta, ya ce to, Allah ya kai ni lafiya. Ina zaure ina neman takalmina na ji ya zuba ruwa a dutse, ya ɗora takobin ya ci gaba.